Kalmar da Likita Ya Rubuta a Katin Inna

Bana ruwa ya sauka sau uku a Lafia, sannan ya ɗauke. Kusan sati uku ke nan. Kullum da la'asar hadari zai haɗo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashi ledoji ta watsa kan rufin mutane, sai kuma ya washe kamar ba a yi ba. Masarar da maƙwabcina ya shuka a bayan katanga duk ta nannaɗe ganye. Jiya 'yata ta duba waya ta ce mini wai sai sati mai zuwa za a samu ruwa. Na ce mata Allah ya kawo. Irin zafin nan mai sa riga ta manne a baya tun hantsi, shi ya mayar da ni wata shekara can baya, tun Lafia tana ƙarƙashin Filato, ina aji biyu a sakandare.

Kakanmu fatauci ya kawo shi garin nan daga Kano, ya zauna. Baba ɗinki yake yi a kasuwa, amma abin da muke ci daga gona yake fitowa. Gonar tana hanyar Adogi, Baba kan tafi a keke, mu kuma mu bi a ƙafa ranar da babu makaranta. Ni ce babba, sunana Rakiya, ina da ƙanne uku, kuma ni kaɗai ce a gidan na yi nisa a boko.

Shekarar ta fara da kyau. Ruwan farko ya zo da wuri, mai ƙarfi, har ƙasa ta yi wannan ƙamshin da kan sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Baba ya kira gayya. Maƙwabtan gonarmu, 'yan ƙabilar Eggon da Migili, suka zo da manyan garmuna, suka jera, suna waƙa da yarensu suna tada kunya. Ni da Inna muka kai musu kunu da dafaffen rogo a ƙwarya. A kwana biyu aka shuka masara da gyaɗa, aka zuba agushi tsakanin tudun doya. Komai ya tsiro. Na tuna Baba tsaye a bakin gona, hannu a ƙugu, yana dariya shi kaɗai.

Daga nan sama ta rufe bakinta.

Satin farko ba wanda ya damu. A na biyu masara ta fara lanƙwasa da rana, ta miƙe da safe. A na uku ta daina miƙewa. Ganyen agushi ya koma kamar takardar da aka gasa. Idan ka taka ƙasar gona da tsakar rana ba takalmi sai ka yi tsalle. Rijiyar gidanmu ta ja baya har guga ya riƙa dawowa da laka, muka koma ɗaukar ruwa a rafin Amba, inda mata ke tona rami a cikin yashi suna jiran ya tsatso. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta zo da ƙwarya rabi, ta ce shanu sun bushe, suna shirin gangarawa kudu.

Abincin gida ma ya sauya, a hankali yadda yaro ba zai lura ba. Doyar bara ta ƙare. Tuwon dawa ya koma tuwon alabo, wato garin busasshen rogo, mai danƙo, wanda kan cika ciki amma kafin la'asar ka ji kamar ba ka ci ba. Miyar karkashi ta yi ruwa. Kunun safe ya tsinke har kana ganin ƙasan kofi. Abin da ya taimake mu shi ne lokacin mangwaro ne. Ƙannena su fita tun safe su dawo baki duk rawaya, ciki a kumbure, da daddare kuma su yi ta gudawa.

Ran wata Talata da hantsi, ana hutun makaranta, ni da Inna muna dakan alabo a tsakar gida. Sai na ji taɓaryarta ta daina sauka. Na ɗago. Ta saki taɓaryar, ta dafe ƙirji da hannu biyu, bakinta a buɗe tana jan numfashi kamar wadda aka danne wa wuya. Gumi ya keto mata. Ta durƙusa a gefen turmi.

"Rakiya, zuciyata. Za ta fito. Kira babanki, mutuwa zan yi."

Na riƙe hannunta, sanyi ƙalau, yana rawa. Na sa tafina a ƙirjinta na ji bugun kamar ana kiɗa da sauri. Na kwasa a guje zuwa kasuwa ba ko mayafi. Kafin mu dawo da Baba abin ya sake ta, tana zaune a tabarma, jiki a mace, maƙwabta sun cika gidan. Wata ta ce iska ce. Wata ta ce hawan jini. Aka kawo rubutu ta sha, aka yi hayaƙi. Bayan kwana biyu abin ya dawo, tana cikin alwala. Washegari ma ya dawo.

Baba ya ce sai asibiti. Ni na raka su, don ni ke jin Turanci.

Likitan saurayi ne ɗan bautar ƙasa daga kudu, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Ya auna jininta, ya saurari ƙirjinta gaba da baya, ya leƙa idonta. Ya yi tambayoyi, wata nas tana fassarawa da sauri don layi ya yi tsawo har waje. Tana barci? Tana cin abinci? Akwai abin da ke damunta? Inna ta kalli Baba, ta sunkuyar da kai, ta ce babu. Likita ya dube ta, ya yi rubutu a kati, ya yi wata doguwar magana da ban kama ko rabinta ba. Nas ta dunƙule ta a jimla ɗaya.

"Ya ce ba komai. Ta huta, ta ci abinci, ta sha wannan. Mai bi!"

Wannan "ba komai" ɗin ita ta fara tsinka mini zuciya. Shekara guda kafin nan, maƙwabciyarmu Lami ta je asibiti, ta dawo tana cewa an ce mata ba komai. Ashe an rubuta wa mijinta gaskiya a takarda. Wata huɗu aka yi aka binne ta.

A ƙarƙashin wata bishiya a harabar asibitin, Baba ya miƙo mini katin.

"Karanta mana. Me ya rubuta?"

Rubutun likita duk ya cuɗe, amma kalma ɗaya ta fito sarai, ya ja mata layi a ƙasa. Anxiety. Ban taɓa ganinta ba. Na san malaria, na san typhoid, na san ulcer. Wannan kuwa doguwa ce, ga wani x a tsakiyarta, harafin da a makaranta ake sa wa abin da ya lalace. Baba yana kallona, Inna tana kallona. Shekara takwas suna tura ni makaranta saboda rana irin wannan.

Na ce, "Zazzaɓi ne, Baba. Wani irin zazzaɓi ne mai kama ƙirji."

Baba ya ce alhamdu lillahi. Inna kuwa ta ƙura wa fuskata ido.

Da muka koma gida na kwafi kalmar a 'yar takarda, harafi bayan harafi, na ƙulle a bakin zanina. Ba mu da ƙamus. A duk unguwarmu ban san mai shi ba, na makaranta kuma yana ofishin malamai, ga shi saura sati biyu a koma. Washegari da aka aike ni sayen kanwa sai na ratse wajen wani mai kemis a bakin hanya. Na miƙa masa takardar na ce wata ce ta aiko ni. Ya juya ta, ya karanta a hankali yana motsa leɓe, ya miƙo mini.

"Wannan ba mu da maganinsa."

Shi ke nan abin da ya ce, ya juya ga mai sayen maganin ciwon kai. Yanzu na san nufinsa babu a shagonsa, ko kuma shi ma bai san kalmar ba. Amma ni a ranar abin da na ji shi ne: ciwon Inna ba shi da magani. Na tsaya a bakin titi, rana tana dukan kaina, na manta abin da aka aike ni.

Sati biyun nan ban taɓa yin irinsu ba. Na zama mai gadin Inna ba tare da ta sani ba. Idan ta kwanta da rana sai in zauna a bakin ƙofa ina kallon zaninta, in ga yana ɗagawa yana sauka. Idan ta daɗe a banɗaki sai in je in yi tari a kusa don ta amsa. Na lura wuyanta ya zurma, awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Na ce ciwon ne yake cin ta. Na fara lissafa abin da zai biyo baya: wa zai yi wa autanmu wanka, wa zai yi tuwo, ni kuma makaranta ta ƙare. Abinci ya daina wuce mini. Hannuna yana gumi ko da safe. Ga ƙaryar da na yi wa Baba tana zaune a ƙirjina kamar dutse. Sau biyu na je har bakin shagonsa don in faɗa masa, in ga ya sunkuya kan keken ɗinki babu ko aiki a kai, sai in juyo.

A cikin kwanakin aka fita roƙon ruwa. Maza suka tafi fili da tsofaffin riguna, mu muka tsaya daga nesa. Ta ɗaya gefen garin kuma muna jin ƙararrawar coci, su ma abin da suke roƙo ke nan. Da la'asar hadari ya haɗo, aka yi tsawa har sau biyu, yara suka fito suna tsalle. Aka ɗan yi yayyafi da bai jiƙa ko bayan akuya ba. Na ga Inna tsaye a tsakar gida, fuska sama, tafin hannunta a buɗe. Da iskar ta kwashe hadarin, sai ta dafe ƙirji ta zauna a inda take.

Ranar da aka koma makaranta na riga mai shara isa. Malamar Turancinmu Madam Akolo ce, 'yar Eggon, gajeriya, mai tabarau da igiya, ba ta wasa. Tsoronta muke ji ƙwarai. Na jira aka tashi tara, na bi ta har ofis, na tsaya a bakin ƙofa.

"Yes? Me kana so?" Haka Hausarta take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

Na kwance bakin zani na miƙa mata takardar. Ta yi laushi, gumi ya cinye rabin tawadar.

"Ka karanta mini."

Na ce, "An-ksi-ye-ti."

"A'a. An-zai-ya-ti. Faɗa."

Na faɗa. Ta ce a wane littafi na gani. Na buɗe baki in ce a littafin wata ne, sai kuka ya ƙwace mini. Na gaya mata komai: turmi, asibiti, kati, mai kemis, har Lami. Na ce, "Madam, don Allah ki faɗa mini gaskiya, wata nawa ya rage mata?"

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta jawo kujera da ƙafa ta ce in zauna, abin da ba a taɓa yi wa ɗaliba a ofishin nan ba.

"Rakiya, mamanka ba zai mutu da wannan ba. Ka ji? Ba zai mutu ba."

Ta sauko da babban ƙamus mai baƙin bango, ta buɗe, ta sa yatsana a kan kalmar. Ga ta nan, a cikin sauran kalmomi, ba ta fi su girma ba. Ta karanta mini bayanin, sannan ta rufe littafin ta ce wannan Turanci ne da yawa, bari ta yi mini nata.

"Kana tafiya gona, maciji ya fito gabanka. Me kana ji?"

Na ce tsoro.

"Wannan fear. Maciji ya tafi, fear ya tafi. To, yanzu babu maciji. Amma ciyawa ya yi tsawo, kana tafiya, zuciya yana bugawa, kana cewa yanzu zai fito, yanzu zai fito. Ka dawo gida, ka kwanta, har yanzu yana bugawa. Wannan anxiety. Tsoron abin da bai zo ba tukuna. Ku Hausawa me kuna ce masa?"

Na shiga nema a raina. Sai kalmar ta zo mini da muryar kakata. Na ce, "Zullumi. Ko fargaba."

"To, shi ne. Idan ya yi yawa yana kama jiki. Zuciya, numfashi, hannu. Ƙanwata ya yi shi bayan mijinsa ya mutu. Yana nan da rai, ya fi ni ƙiba."

Na yi dariya cikin hawaye, majina har haɓa. Amma Madam malama ce, ba ta bar ni na tafi haka ba. Ta ɗauki alli ta rubuta a jikin allon ofis. Ta ce anxiety sunan abin ne, wanda yake ɗauke da shi kuma a ce yana anxious, kuma kalmar tana tafiya da about, sai a faɗi abin da ake zullumi a kai. Ta ce in yi jimla.

Na ce, "My mother is anxious about..." sai na tsaya. Ban san ƙarshen jimlar ba. Sati biyu ina gadin numfashin Inna, ban taɓa tambayar kaina me take tsoro ba.

Madam ta ce, "Ka ga aikin gida ke nan. Je ka tambaye shi. Kai fa?"

Na ce, "I am anxious about my mother."

"Correct. Dubi wuyanka, kai ma ka rame." Ta kalli yadda nake leƙen ƙofa. "Yanzu kuma you are anxious to go home. Idan kalmar to ya biyo baya, ba about ba, ɗoki ke nan, ba tsoro ba. Tafi. Amma idan abin ya ci gaba, ku koma wajen likita, wannan karon mamanka ya faɗa masa gaskiya."

Na iske Inna a madafa tana tankaɗe. Ƙannena sun tafi neman mangwaro. Na durƙusa kusa da ita na ce ina da laifi. Na ce ba zazzaɓi likita ya rubuta ba, ƙarya na yi don ban san kalmar ba.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Ai na ga fuskarki a ranar. Faɗa mini, na shirya."

Ashe ita ma sati biyun nan jiran mutuwa take yi. Ta ɗauka na karanta wani mugun abu na ɓoye mata.

Na ce, "Inna, zullumi ya rubuta. Fargaba. Ya ce zuciyarki lafiya lau, tsoro ne ya yi miki yawa."

Rariyar ta tsaya a hannunta. "Zullumi? Shi ne har da kati da layi?"

"Madam ta ce yana kama jiki. Inna, me kike tsoro?"

Ta ajiye rariyar. Sannan ta tashi, ta kama hannuna, ta kai ni ɗakin ajiya. Buhunan dawa uku suna jingine a bango kamar kullum, a cike, bakinsu a ɗaure. Ta kwance na farko. Ƙaiƙayi ne da tsummokara. Na biyu ma haka. Na uku ne kaɗai da dawa, ita ma ba ta kai rabi ba.

"Babanki yana leƙowa ya ga uku, hankalinsa ya kwanta. Gona ta ƙone, kasuwa ba ɗinki, in ƙara masa da wannan? Tun watan jiya sau ɗaya nake ci. Kullum na buɗe buhun nan sai in ga ranar da zan sa kwano in ji ƙasa, ku huɗu kuna kallona. Ina cikin daka in gan ta. Ina cikin salla in gan ta."

Da Baba ya dawo da la'asar, ni na faɗa masa, Inna tana bayan ƙofa. Na fara da ƙaryata, na ƙare da buhuna. Na zaci zai yi faɗa. Ya shiga ɗakin ajiyar, ya daɗe, ya fito da ƙaiƙayi a hannun riga. Ya zauna a bakin rijiya. Da aka kawo masa tuwo ya ce a kira Inna, ya sa hannu ya raba malmalar biyu, ya tura mata rabi.

"Ci a gabana, Hadiza. Daga yau tare za mu riƙa leƙa buhun."

Ban taɓa jin ya kira sunanta a gabanmu ba sai ran nan.

Washegari ya hau keke ya tafi Adogi. Ya dawo da rogo ɗaure a baya, wanda wani abokin gayyarsa ya tono masa daga tsohuwar gona, da ɗan irin masara a ƙullin tsumma. Buhun bai cika ba, sama ma ba ta buɗe ba. Mun ƙara kwana tara a cikin zafin nan, muna cin rogo safe da yamma har ƙamshinsa ya fita ran kowa. Abin ya sake kama Inna sau biyu, amma yanzu ba ta ce a kira Baba. Sai ta ce, "Rakiya, ga shi nan," in zo in zauna kusa da ita.

Ruwan ya zo ran wata Lahadi da azahar, ba tsawa, ba iska, ya yi ta zuba har magariba. Muka jera duk wani abu mai baki a ƙarƙashin indararo. Doya ta sha da ƙyar, gyaɗa rabi, masara da agushi kuwa sai sabon shuki.

Kwana biyu bayan haka muka fita gona gaba ɗayanmu, ko makaranta ba mu je ba. Ƙasa ta yi laushi, tana shiga tsakanin yatsun ƙafa da sanyi. Baba yana gaba yana sara rami, ni da Inna muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Mun kai tsakiyar kunya ta shida sai na ga ta tsaya, ƙwaryar iri tana rawa a hannunta. Na karɓi ƙwaryar na ajiye, na riƙe ta. Bugun ƙirjinta yana dukan kafaɗata. Baba ya juyo, ta ɗaga masa hannu alamar ya ci gaba.

Cikin haki ta ce, "Yaya ma sunansa da Turancin?"

Na faɗa mata.

"Anzayati," in ji ta. Ta ja numfashi, ta sake, ta kuma ja. "To, ya jira. Shuka nake yi."

Muka tsaya a haka har ya lafa. Sannan ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryarta, ta jefa ƙwaya uku a rami na gaba, ta rufe da ƙafa.